Ga mai neman asalin surukansa da ya maƙale a ƙidayar 1850

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce dangin maiɗakinka sun ɗora maka aikin gano asalinsu, ka bi baya har ka samu kakansu a jihar Indiana ta Amurka a ƙidayar jama'a ta 1850, an rubuta haifaffen Kentucky ne, daga nan hanya ta toshe. Ba kai kaɗai ba ne, kusan kowa a nan yake tsayawa. Na daɗe ina taya mutane irin wannan bincike a ɗakin karatu na garinmu, kuma dalilin toshewar ɗaya ne: ƙidayar 1850 ce ta farko da ta rubuta sunan kowane mutum a gida, ban da bayi, da shekarunsa da jihar haihuwarsa. Daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kawai ake sawa, sauran iyali lissafi ne, maza kaza, mata kaza. Ga shi kuma takardun ƙidayar Kentucky na 1790 da 1800 sun salwanta.

Shawarata ita ce ka daina bin suna, ka bi gunduma da maƙwabta. Mutanen nan ba sa ƙaura su kaɗai. Tafiya ce ta ayari, 'yan'uwa da surukai da 'yan coci ɗaya. Koma wannan shafin na 1850, ka kwafe gidaje goma na sama da goma na ƙasa, ka ware waɗanda su ma haifaffun Kentucky ne. Sunan kakansu ƙila ya cika ko'ina, amma in akwai maƙwabci mai sunan da ba a cika ji ba, shi zai kai ka gundumar da suka baro.

In ka samu gundumar, nemi rajistar haraji. Duk shekara ake rubuta ta, kuma saurayi kan bayyana da sunansa in ya kai 21, galibi kusa da na ubansa. Na taɓa bin wani iyali haka: sunan uba shekara bayan shekara da dawakinsa da kadadar gonarsa, sai ɗa ya ɓullo, can sai uban ya ɓace, aka rubuta matarsa a gurbinsa. Babu takardar mutuwa, amma shekarar rasuwarsa ta fito fili. Ka duba takardar lamunin aure ma, domin wanda ke tsaya wa ango sau da yawa uban amarya ne ko wanta.

Inda ake yawan ɓacewa shi ne iyakoki. Kentucky yankin Virginia ce har 1792. A 1776 gunduma ɗaya ce tak, a 1780 aka raba ta uku, Fayette da Jefferson da Lincoln, aka ci gaba da yankawa. Mutum yana zaune a gonarsa bai motsa ba, takardunsa na watse a kotuna uku. Kafin ka ce ya yi ƙaura, duba shekarar da aka ƙirƙiri gundumar da wadda aka cire ta daga ciki.

Hanyar da yawancinsu suka bi sananniya ce: su sauka Philadelphia, 'yan Ulster na arewacin Ireland da Jamusawa, su gangara kwarin Shenandoah da kekunan shanu, sannan su ratsa mashigar Cumberland ta hanyar da maharbi Daniel Boone ya sare a 1775, wasu kuma su bi kogin Ohio. Dangin Abraham Lincoln haka suka yi, daga Pennsylvania zuwa gundumar Rockingham a Virginia, zuwa Kentucky. A 1816 mahaifinsa ya tsallaka Indiana, kuma rikicin takardun fili na cikin abin da ya kore shi, don a Kentucky da bishiya da rafi ake shata iyaka, gonaki na hawa kan juna. Wannan rikicin alheri ne gare ka, saboda shari'ar fili kan jero sunayen magada duka.

In akwai wanda ya yi yaƙin neman 'yancin Amurka a dangin, nemi fayil ɗinsa na fansho. Bayan dokar 1832 tsofaffin sojoji sun tsaya gaban kotu sun faɗi inda aka haife su da duk inda suka zauna. Babu takardar da ta kai ta daɗi. Shafin intanet na binciken zuri'a mai suna FamilySearch kyauta ne, fara da shi kafin ka biya kowa.

Bishiyoyin zuri'a da mutane ke liƙawa a intanet kuwa, ka ɗauke su a matsayin ji-ta-ji-ta, kwafar juna suke yi. Haka labarin kaka 'yar sarkin Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, da wuya ka rasa shi a gida, kamar yadda a wajenmu kowa kakansa daga gabas ya zo. Rubuta shi a gefe, kada ka yi gardama da surukai a kai, amma kada ka gina komai bisansa. Wasu gundumomin Virginia takardunsu sun ƙone a gobarar Richmond ta 1865, in ka faɗa irinsu sai haƙuri da rajistar haraji.

Turo mini shekarar haihuwar kakan da sunayen maƙwabtan nan, mu ga wace gunduma za su nuna.