Kafin ka kira dillali

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya. Ƙanwarka ce ta kunna min shi a waya bayan isha'i, sau biyu na sa ta maimaita. Da farko dariya na yi har Hajiya ta leƙo tana tambayar ko lafiya, da na kwanta kuma barci ya ƙi zuwa. Wai kana so ka sani, ƙin sayar da gonar gado da ake yi addini ne ko al'ada, don kana son ka sayar da rabon mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ka sayi a-daidaita-sahu. Gonar da in an sauke ka a tashar Dambatta aka ce kai kanka, sai dai mu ba da cigiyarka.

Ba zan ɗora wa addini abin da bai faɗa ba. Gado halaliyarka ne, kuma ana sayar da shi. Amma bari in ba ka labarin wannan gonar, tunda kai a takarda ka san ta.

Mu a gandu muka tashi. Kakanka shi ne mai gida, mu 'ya'yansa da ƙannensa tare muke duƙawa tun hantsi bai yi ba har azahar, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa wanda ya isa aure. Da yamma ne kowa yake zuwa 'yar gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. In an yi girbi, dami goma a ware ɗaya na zakka kafin a ɗaga ko zangarniya zuwa rumbu. Ban taɓa jin wani ya ce "gonata" a kan gonar gandu ba. Kakanka yakan ce, gona aro ce daga matattu, za a kuma mayar wa waɗanda ba a haifa ba.

Sai ga farin 1973. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, gyaɗa ko iri ba mu mayar ba. Muka sayar da awaki, muka sayar da jaki ɗaya cikin biyu. Wani mai hali a ƙauyen gaba ya aiko cewa zai sayi gonar bakin ɗorawa, kuɗi a hannu. Kakanka ya kwana uku ba ya magana, sannan ya ce ba zai sayar ba, amma zai ba da jingina. Fam goma sha biyar. A shekarar aka sauya kuɗi zuwa naira, fam ɗaya naira biyu, amma tsofaffi sun daɗe suna lissafinsu da fam da sule. Jingina kuwa, mai kuɗi ya riƙe gonar yana nomawa har ranar da ka mayar masa da kuɗinsa. Malamai suna da magana a kan cin amfanin da yake yi, na sani, amma mai yunwa bai tsaya jiran fatawa ba.

Abin da ya kawo ni birni ci-rani ke nan. Na yi dako a Kurmi, na yi ga-ruwa da garwa biyu a kafaɗa, ina kwana a zauren wani malami. Rani biyu na yi kafin naira talatin ta haɗu. Ranar da zan kai su, na ɗinke su a cikin ƙugun wando, na hau motar katako ta 'yan kasuwa, ranar Lahadi ce, kasuwar Dambatta na ci. Muna zaune kan buhuna, ƙaho na saniya yana zungurina a baya, ni kuwa hannuna bai bar ƙuguna ba, har wata tsohuwa ta ce yaro ko ciki ne ke ciwo. Daga Dambatta ƙafa ce. Na bi 'yan ƙauyenmu masu komawa da jakuna, rairayi yana cinye sawu, ba mu shiga gida ba sai da aka yi magariba.

Washegari aka kira mai unguwa da dattawa biyu da suka shaida bayarwar. Ba a fansar gona da shuka a cikinta, shi ya sa aka jira rani, kafin a fara sharar gona. Mutumin nan ya ƙirga kuɗin sau biyu yana lasar yatsa, bai so ba, don ya zuba mata taki. Daga nan aka taka iyaka gaba ɗaya, daga layin gamba zuwa shingen aguwa, zuwa tsohuwar kuka. A wuri guda aka tarar gambar ta matsa ciki da kamar taku biyu. Mai unguwa bai ce uffan ba, ya dube shi kawai ya kafa sandarsa a inda take tun asali. Kakanka ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza a tafin hannu yana kallo. Mahaifinka yana ɗan shekara shida, yana ta tsintar kalwa a gindin ɗorawa, bai san me ake ciki ba. Rabon da kake magana a kai, daidai wurin ne.

Ni ma ban wanke kaina ba. Da na samu rumfa a kasuwa na zauna, damina sai dai aike. Gandu ya watse a hannunmu, ba a hannunku ba. Tun da gwamna Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, ɗaya daga cikin igiyoyin da ke ɗaure samari a gandu ta kunce, mu kuma birni ya ja mu. Kakarka takan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ina jin ta ina murmushi.

Amma ku naku ya fi ba ni tsoro. Kun ga yadda Rijiyar Zaki da Hotoro da Ɗanbare suka tashi daga gonaki suka koma gidaje, kun ɗauka kowace ƙasa fuloti ce mai jiran awon igiya. Na san mutanen da suka sayar da gonakinsu suka sayi babur, a 2013 aka hana acaɓa a Kano dare ɗaya. Wasunsu yau ƙwadago suke yi a gonar wani. Ban ce haka za a yi wa keke ba, Allah ya kiyaye, amma ƙarfe yana tsufa, yana cin mai, yana cin gyara.

In ma sayarwar ce, ba da dillali ake farawa ba. 'Yan'uwan da kuka haɗa iyaka ake fara yi wa tayi, kuma in ba a raba gonar ba tukuna, shari'a ma ta ba su haƙƙin shufu'a, su karɓe ta a kan kuɗin da bare ya saya. Akwai aro, akwai haya. Sannan gwaggonka da ke can tana da rabonta a ciki, ita ke ɗibar kalwar nan tana daddawa har yau, ka taɓa tambayarta?

Ranar Lahadi mai zuwa zan je gaisuwar rasuwa. Ka zo da sassafe mu tafi tare, ka sayo goro da sabulu da sukari, kada ka shigar min ƙauye hannu rabbana. Ka kuma sako takalmin da ba ka jin tausayinsa, don mai babur iyakarsa bakin rafi.