Yaushe ya kamata a sauya wa sagarun kaji abinci kafin su fara ƙwai?

Tambaya: Ina da jajayen kajin gidan gona guda goma sha biyu da nake kiwo a bayan ɗaki, yanzu sun cika mako 15. Maƙwabciyata ta ce in fara ba su abincin masu ƙwai tun yanzu domin su yi saurin farawa. Shin hakan daidai ne, kuma wane shiri ya kamata in yi musu?

Amsa: Malama, kada ki yi gaggawar sauya musu abinci, domin abincin masu ƙwai ba ya sa kaza ta fara ƙwai kafin jikinta ya nuna. Irin waɗannan kajin sukan fara ne tsakanin mako 18 zuwa 20, kajin Hausa kuwa sukan kai wata shida ko fiye.

Babban bambancin abincin biyu shi ne sinadarin kalsiyam, wanda da shi ake gina ɓawon ƙwai. Abincin masu tasowa, wanda 'yan kasuwa ke kira girowa, yana ɗauke da kimanin kashi 1 cikin ɗari na wannan sinadari, shi kuwa na masu ƙwai, wato leya, yakan kai kashi 3.5 zuwa 4. Kazar da ke ƙwai tana zuba kusan giram 2 na kalsiyam a ɓawon kowane ƙwai, saboda haka abin da ta ci yana da mafita. Sagarar da ba ta fara ba kuwa, ƙodarta ce za ta ɗauki nauyin fitar da rarar, kuma idan aka daɗe ana haka ƙodar na iya lalacewa, illar da sau da yawa ba a gano ta sai kaza ta fara ramewa ko ta mutu ba zato.

Shawarata ita ce ki bar su a kan girowa, ki riƙa duba jikinsu maimakon ƙirga kwanaki kawai. Idan zankonsu ya girma ya yi ja, suka fara kyarkyara suna leƙa lunguna, kuma wata ta durƙusa idan kika kai mata hannu, to lokaci ya matso. Ki kama ɗaya ki lalubi ƙasusuwa biyun da ke gefen duburarta; idan yatsu biyu suka shiga tsakaninsu, ƙwai na kan hanya. A nan ne za ki fara gauraya leya a cikin girowa, kina ƙara yawanta a hankali har tsawon mako guda. Wajen mako 17 ba laifi ki ajiye niƙaƙƙen ƙashi a wani kwano daban, mai buƙata ta ci da kanta.

Inda masu kiwon bayan gida suka fi samun matsala shi ne yawan watsa tsaba da dusa da ragowar tuwo. Kaji na son su ƙwarai, amma suna cika ciki su hana cin abincin da ke da sinadarin gina jiki, wanda ya kamata ya kai kashi 16 cikin ɗari ko sama da haka a lokacin ƙwai. Sagarar da ta tara kitse takan wahala wajen sakin ƙwan farko, wani lokaci har bayanta ya fito, 'yan'uwanta su yi ta tsatstsagar wurin. Idan sun kama ƙwai sosai, kowace za ta ci kimanin giram 110 zuwa 120 a yini, ta sha ruwa ninki biyu na hakan, da bazara ma fiye. Duk abincin da ya yi hunhuna a zubar da shi.

Ki tanadi akwatunan ƙwai guda uku tun yanzu a wuri mai ɗan duhu cikin akurki, ki shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa ko dusar katako, domin wadda ta saba ƙwai a ƙasa wuyar gyarawa gare ta. Yinin ƙasarmu bai cika wuce awa 12 zuwa 13 ba, su kuwa sun fi ƙwai da haske na awa 16, don haka daga mako 18 ki riƙa kunna musu fitilar sola da magariba, kina ƙara rabin awa duk mako. Kafin nan ki nemi malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki, ya kuma sabunta musu rigakafin cutar Niyukasil, wadda ta fi ɓarna lokacin hunturu.