Amsa ga Hajiya kan baƙon da ya kama gida ya fasa zuwa

Hajiya, sannu da haƙuri. Na karanta tambayarki: wani ya kama gidanki na saukar baƙi kwana biyar saboda bikin ƙanwarsa, ya biya rabin kuɗi, ana saura kwana biyu ya kira ya ce an ɗaga biki, a dawo masa da kuɗinsa cas. Ke kuwa kin riga kin sallami mutum biyu da suka nemi waɗannan ranaku. Kina son sanin ko ki mayar, da kuma tsarin da za ki kafa nan gaba.

Shekarata shida ina wannan sana'a a Kano, gidaje uku nake kula da su, kuma irin wannan ta taɓa cina. A shekarata ta farko wasu iyali suka kama gida mai ɗaki uku a wurina a watan Disamba, lokacin da bukukuwa ke yawa. Na sayi man janareta, na cika tukunyar gas, na sabunta kuɗin tashoshin talabijin da na intanet, mai shara ta wuni tana goge tayil, na shimfiɗa sababbin zannuwan gado. Ranar da za su iso, da hantsi, saƙo ya shigo cewa sun samu masauki wurin 'yan'uwa. Na zauna a falon nan da ke ƙamshin turaren wuta, na duba hirarmu tun daga sallamar farko, babu inda na ambaci abin da zai faru idan sun fasa. Na mayar musu da kuɗinsu duka, gidan ya kwana huɗu ba kowa.

Don haka abin da zan fara tambayarki shi ne: kin gaya masa sharaɗin fasawa kafin ya turo kuɗin? In ba ki gaya masa ba, gaskiya ba ki da hujjar riƙe masa ko sisi, duk da asarar da kika yi ta gaske ce. Sharaɗin da aka ƙirƙiro bayan kuɗi ya shiga hannu rigima kawai yake haifarwa.

Tun daga wancan Disamban ban ƙara ba wa kowa lambar asusuna ba sai na tura masa sharuɗɗa a WhatsApp ya rubuto "na amince" da hannunsa. A ranakun da ba cunkoso, wanda ya fasa ana saura kwana biyar ko fiye yana karɓar kuɗinsa duka, wanda ya fasa bayan haka ina riƙe kuɗin kwana ɗaya. Lokacin Sallah da Disamba kuwa mako biyu nake sawa, kuma kafin alƙalami ba ya dawowa idan wa'adin ya wuce. Akwai layi ɗaya da nake ganin ya fi sauran amfani: idan na samu wani ya karɓi ranakun, zan mayar wa na farko abin da na riƙe. Wannan layin ne ke nuna wa mutum cewa ba kuɗinsa nake hari ba, asarata nake karewa, kuma sau da yawa shi da kansa yake nemo mini wanda zai maye gurbinsa. Rasuwa da rashin lafiya mai tsanani ba na sa su a wannan lissafi, mayarwa nake yi ba tare da na nemi shaida ba.

Idan kina da niyyar sa gidan a Airbnb, wato manhajar da baƙi ke kama masauki ta intanet, su sun tanadi tsare-tsare ki zaɓa. A mafi sauƙinsu baƙo na karɓar kuɗinsa duka in ya fasa awa 24 kafin ranar shiga, matsakaicin kwana 5 ne, akwai kuma mai ƙarfi wanda yake kwana 30, daga nan zuwa ana saura kwana 7 rabi ake mayar masa. Sabon gida da bai tara shaidar baƙi ba gara ya fara da matsakaicin, don mai tsauri na korar mutane tun daga kallon farko.

Na san wani abu na damun da yawa daga cikinmu ko ba a faɗa ba: shin kuɗin da aka riƙe halal ne? Malaman fiƙihu suna kiran wannan arbun. Malikiyya, wadda ita muka tashi a kai, ta hana, Hanbaliyya ta halatta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta halatta shi a ciniki da haya muddin an ƙayyade wa'adin jira. Saɓanin na nan, ki zauna da malamin da kika yarda da shi. Ni abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kada in riƙe fiye da asarar da na yi a zahiri.

Ɗaya ɓangaren da ba ki tambaya ba, amma zai zo miki, shi ne ranar da ke ce za ki so fasawa. Wani zai kira ana gobe Hawan Daushe ya ce zai biya ninki biyu na abin da mai riƙe da gidan ya biya. Don Allah kada ki yarda. Na ga matar da aka yi wa haka, ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da yara uku da akwatuna, ta kira mai gidan ya ce wai famfo ya fashe. Ƙarfe goma na dare aka haɗa ta da ni, ƙaramin yaron ya yi barci a kafaɗarta, ita kuma muryarta na rawa. Har yau in ta zo Kano wurina take sauka, kuma duk danginta sun san sunan wancan gidan. Airbnb ma ba sa wasa da wannan: mai gidan da ya soke ba da ƙwaƙƙwaran uzuri ba ana cirar masa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin masaukin idan da sauran fiye da kwana 30, kashi 25 idan bai kai haka ba, kashi 50 idan saura awa 48, mafi ƙarancin tarar dala 50 ne, sannan su rufe ranakun yadda ba zai iya ba wa wani ba. A nawa sharuɗɗan na rubuta cewa in ni na fasa, zan mayar da kuɗi a ranar, in samo masauki kwatankwacin nawa, in kuma cika bambancin daga aljihuna.

Kada ki haɗa kuɗin ajiya na ɓarna da maganar fasawa, wanda bai shiga gida ba bai fasa kofi ba, nasa ne duka. Dillali kuma kada ki ba shi la'ada sai baƙo ya karɓi makulli, domin in an fasa, fitar da ita daga hannunsa aiki ne.

Game da mutuminki, tunda ɗaga bikin aka yi ba fasawa ba, zai sake buƙatar gida. Ki kira shi da kanki, kada ki tura saƙo. Ki gaya masa kin sallami mutum biyu saboda shi, ki roƙe shi ya bar kuɗin a matsayin kafin alƙalamin sabuwar ranar. In ya ƙi, ki mayar masa, sannan ki koma kan mutum biyun nan yau ɗin nan, wataƙila ɗayansu bai samu wuri ba tukuna. Allah ya mayar miki da alheri.