Kwamfutar da aka kwafe zuwa VirtualBox ta ƙi tashi

Malam, ka ce ka kwafe kwamfutar shagonku na Jidda da Disk2vhd, manhajar da ke mayar da faifan kwamfuta fayil, ka ɗora a VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar, sai shuɗin allo da lambar 0x0000007B. Kwantar da hankalinka, fayilolinka na nan. Windows ce ba ta gane hanyar da aka haɗa mata faifan ba, direbanta na tsohon injin ne. Ajiye kwafin faifan a gefe tukuna, sannan ka shiga Storage a saitunan VirtualBox, ka cire faifan daga SATA ka maƙala a IDE, wato wata hanyar haɗa faifai daban. Sau da yawa nan take tashi.

In baƙin allo ya biyo baya, wataƙila tsohuwar kwamfutar da UEFI take aiki, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta. Kunna EFI a System, ka kuma tabbata ka kwafo ƙaramin ɓangaren faifan da ake kira EFI, wanda Windows ke tashi daga cikinsa, ana yawan mantawa da shi.