Kafin ka tura dalolinka: amsoshin wannan makon kan wasan labari na kan tebur

Saƙon farko daga wani ɗalibi ne a Zariya, yana cewa: "Malam, na daɗe ina kallon mutane a YouTube suna zama a tebur suna buga Dungeons & Dragons, abin ya shiga raina sosai. Na tara 'yan kuɗi, ina so in yi odar littattafan nan guda uku daga waje, wanne zan fara saya?"

Toh ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Littattafan da kake nufi su ne Player's Handbook da Dungeon Master's Guide da Monster Manual, kowanne kusan dala 50 ne, ukun kenan dala 150 kafin a zo maganar kuɗin aikowa, kuma littattafai ne masu nauyi masu kwali, ka san yadda masu kawo kaya suke lissafi da kilo. Ni tambayar da zan maka ita ce, su waye za su zauna da kai? Domin wasan nan ba a yin shi mutum ɗaya. Mutum guda ne yake jan labari, shi ke cewa ga ku a bakin wani kogo da daddare, kun ji motsi a ciki, me za ku yi, sauran mutum uku ko huɗu kowa da mutumin da ya ƙirƙira yake amsawa a madadinsa, in abu ya zo da shakka sai a jefa dayis, irin wanda ake jefawa a lido, a ga ko an dace. Shikenan wasan fa. Na san mutanen da suka sayi littattafan suka jera a kanta suna ta ƙura saboda ba su taɓa samun mutum huɗu da za su zo ranar Asabar biyu a jere ba.

Kamfanin da ke da wasan yanzu, Wizards of the Coast, ya saka ƙa'idojin farko kyauta a intanet, ka sauke a waya ka karanta, sun isa ku yi wata da watanni kuna bugawa. In kun yi zama biyar ko shida ba wanda ya gudu, sannan ka sayi Player's Handbook shi kaɗai, kuma ka duba shekara, akwai bugun 2014 akwai gyararren na 2024, kar a sayar maka da tsoho a kuɗin sabo. Sauran littattafan biyu na mai jan labari ne, za su iya jira. Abin da kawai zan ce ka nema shi ne saitin dayis guda bakwai, mai fuska 4, 6, 8, 12, 20 da masu fuska 10 guda biyu, in ma bai samu ba akwai manhajoji kyauta da ke jefa maka a waya. Gary Gygax da Dave Arneson da suka fito da wasan a 1974 ma 'yan ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali suka sayar, ba wani ƙyale-ƙyale.

Na biyu wata uwa ce daga Maraɗi: "Yarana biyu, mai shekara 9 da mai 12, ba abin da suke so sai labarin jiragen sama jannati da mutum-mutumi. Babansu yana so ya saya musu tablet, ni kuma ina tsoron su maƙale a kai. Na ji labarin wasan tebur ɗin nan amma an ce akwai sihiri da bokaye a ciki."

Hajiya, gaskiya aka faɗa miki, Dungeons & Dragons cike yake da matsafa da dodanni, in ranki bai kwanta ba ki bar shi, ba shi kaɗai ba ne. Tunda yaranki sararin samaniya suke so ma kin huta. Akwai wani mai suna Lasers & Feelings na John Harper, shafi ɗaya ne tak, kyauta, ki kai shagon kwafi a buga miki. Yaran su ne ma'aikatan wani jirgi da kyaftin ɗinsu ya kwanta ba lafiya, kowa ya zaɓi lamba tsakanin 2 da 5, in abin na lissafi da kimiyya ne sai ya jefa ƙasa da lambarsa, in na zuciya da iya magana ne sai ya jefa sama da ita. Da dayis ɗin lidon da ke gidanki ake yi, wallahi ba sai kin sayi komai ba. Turanci ne amma shafi ɗaya, mai 12 ɗin zai karanta ya fassara wa ƙanensa, su ci gaba da Hausarsu. In sun girma kaɗan akwai Traveller, wanda Marc Miller ya fitar tun 1977, shi ma dayis biyu masu fuska shida ne, ana fatauci tsakanin duniyoyi, a ci bashi a sayi jirgi a yi ta neman yadda za a biya, ni dai duk lokacin da na buga sai in tuna fatake. Stars Without Number na Kevin Crawford shi ma yana da bugun kyauta.

Wani abu da nake so ki lura, yaran nan sun riga sun iya. Mu da muka taso muna fere kara muna haɗa mota, muna yanka gwangwani da tsohon silifa mu yi taya, ba motar ce daɗin ba ai, daɗin shi ne wane direba wane kwandasta wane ɗan sanda mai tare hanya, a yi ta gardama kan ko an biya kuɗin mota. 'Yan mata suna aurar da 'yar tsana har da kai lefe da faɗan dangin miji. A tashe yaro ya saka gemun auduga ya zama tsoho kuma kowa ya yarda. Wasan tebur ɗin nan ƙa'ida kawai ya ƙara, yadda in ɗaya ya ce na harbe ka ɗayan ya ce ƙarya ne ba ka same ni ba, akwai abin da zai raba gardama. Kuma ki nema musu Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a wajen masu sayar da littattafan Hausa, tun 1969 aka rubuta da Hausa yaro ya tafi sararin samaniya, sai su ga ba Turawa kaɗai ke zuwa can ba. Maganar tablet kuwa tsakaninki da Alhaji ne, ba zan shiga ba.

Wani kuma ya tambaya a gajarce ko jefa dayis bai zama caca ba. Ba a sa kuɗi, ba mai ci ba wanda aka ci, amma na san akwai malaman da ke ƙyamar wasa da dayis ko ba kuɗi, don haka hukunci ka tambayi malaminka, ni ba malami ba ne. In kana so ka kauce gaba ɗaya, ka rubuta 1 zuwa 6 a 'yan takardu ka zuba a hula a riƙa zara. Akwai ma wasan da ake kira Dread da ba dayis sam, hasumiyar 'yan katakai ta wasan Jenga ake zare wa katako ɗaya-ɗaya, wanda ta rushe a hannunsa mutuminsa ya fita daga labari.

Na ƙarshe mai tambayar dayis na ƙarfe da 'yan gumakan roba da ake fentawa a ɗora a tebur a madadin mutanen labarin, wai ko sun cancanci kuɗinsu. Na ƙarfen suna da daɗin riƙewa amma suna farfasa fuskar tebur, kuma ƙararsu a kan faranti da ƙarfe goma na dare sai ta tashi gida. 'Yan gumakan kuwa sha'awa ce daban, in fenti kake so bismilla, amma don wasa kawai marfin kwalba ya wadatar. A teburinmu shekara biyu kenan marfin lemo ja shi ne kyaftin, waken suya abokan gaba, matsalar kawai akwai wani a cikinmu da yake cinye su kafin a gama faɗan.