Zan iya yi wa mahaifiyata tofi da kaina, ko sai an kira malami?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ta daɗe a kwance, tana shan maganin asibiti. Wasu dangi sun ce sai an nemo malami ya yi mata ruƙya, wai addu'ar irinmu ba ta da ƙarfi. Wasu kuma sun ce a dakatar da maganin tukuna. Karatuna bai yi nisa ba. Me zan karanta mata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Ki yi mata tofin da kanki, 'yar'uwa. Shari'a ba ta keɓe ruƙya ga malamai ba. Ibnu Hajar ya naƙalto ijma'in malamai kan halaccinta da sharuɗɗa uku: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, da Larabci ko harshen da ake gane ma'anarsa, sannan a ƙudurta cewa Allah ne mai warkarwa, ba kalmomin ba. Zama malami ba ya cikinsu. A cutar ajalin Manzon Allah (SAW), Nana A'isha (RA) ce ke karanta masa Falaƙi da Nasi, tana shafa masa da hannunsa mai albarka, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. A ganina, da wuya baƙo ya roƙi Allah da irin ƙunar zuciyar da 'ya ke ji a gefen gadon uwarta.

Ki fara da Fatiha. Da ita wani sahabi ya yi wa shugaban wata ƙabila tofi bayan harbin kunama da ya kwantar da shi, ya miƙe, Annabi (SAW) kuma ya tabbatar da aikin. Ki bi da Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, kina tofi mai sauƙi. Sai ki shafa ta da hannun dama ki ce: "Allahumma Rabban nasi, azhibil ba'asa, ishfi antash Shafi, la shifa'a illa shifa'uka, shifa'an la yugadiru saƙama." A nan kina roƙon warakar da ba ta barin saura. Ki ƙara da "As'alullahal Azima Rabbal Arshil Azimi an yashfiyaki" sau 7, daga hadisin Ibnu Abbas (RA) a wajen Abu Dawud da Tirmizi.

Idan Mama tana iya magana, ki koya mata abin da aka koya wa Usmanu ɗan Abil As (RA) a ruwayar Muslim: ta ɗora hannu inda ke mata ciwo, ta ce "Bismillahi" sau 3, sannan "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru" sau 7. Duk abin da ya yi miki nauyi a Larabci, ki roƙa da Hausa, Allah Yana ji.

Maganar dakatar da magani kuwa, kada ku yarda. Wanda ya koyar da waɗannan addu'o'in shi ne ya ce: "Ku yi magani, ya bayin Allah." Yanke wa mai hawan jini ko ciwon suga maganinsa na iya jefa ransa cikin haɗari, hakan kuwa bai halatta ba. Duk wani canji, sai da shawarar likitanta.

Kiran mutumin kirki ya yi mata ruƙya halal ne, muddin kuna jin abin da yake karantawa. Wanda ya tambayi sunan uwarta don ya duba, ko ya nemi a yi yanka ga wanin Allah, boka ne, kada ya shigo ɗakinta.

Wallahu a'alam.