Filin Tambaya da Amsa: Cocin Katolika, itacen gona da dajin da ya rage

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan itace da daji suka tsaya, kuma masu tambaya da dama suna son jin matsayin ɗarikar Katolika. Masu koyar da addini na ɗarikar da masu aikin gandun daji a nan jihar Maradi ne suka haɗa amsoshin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, manomi a Tibiri. Na ji an ce Fafaroma ya rubuta takarda sukutum a kan muhalli. Koyarwar addininsu ce, ko dai zancen sauyin yanayi ne na Turawa aka shigo da shi coci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Koyarwar addini ce, kuma ta girmi takardar da ka ji labarinta. Sunan takardar Laudato Si', Fafaroma Faransis ya sa mata hannu ran 24 ga Mayu 2015, aka fitar da ita ran 18 ga Yuni. Babi 6 gare ta, sakin layi 246, kuma tun daga farko ya ce da duk wanda ke zaune a doron ƙasa yake magana, ba da Kiristoci kaɗai ba. Tushenta yana cikin Littafin Farawa 2:15, inda aka ce Allah ya ajiye mutum a gonar Aidan don ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Ƙasa ta Allah ce, amana aka ba ɗan Adam, yana da izinin ci amma ba shi da izinin ɓarna.

Kafin Faransis, Fafaroma Jon Pol na 2 ya ayyana Waliyyi Faransis na Asisi a matsayin waliyyin masu kare muhalli a 1979. Benedikt na 16 kuma, a saƙonsa na ranar zaman lafiya ta 2010, ya ce mai son zaman lafiya ya kare halitta. Duk wanda ya taɓa ganin rikicin manomi da makiyayi a kan burtali ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne wurin da littafin katikizim na 1992, wato littafin koyarwar ɗarikar Katolika, ya ajiye maganar: lamba ta 2415, ƙarƙashin doka ta 7 cikin Dokoki Goma, wadda ta hana sata. Dalilin kuwa, arzikin ƙasa rabon mutanen jiya ne da na yau da na gobe, wanda ya cinye shi ƙarƙaf ya ci rabon jikoki.

Zancen sauyin yanayi yana ciki, babu ɓoyo. Babin farko ya yarda da binciken masana cewa ayyukan mutane ne suka fi jawo ɗumamar duniya, kuma Fafaroman ya ƙara nanatawa a wata takarda, Laudate Deum, ran 4 ga Oktoba 2023. Amma ya faɗa da kansa cewa coci ba ta ɗauki kanta alƙalin gardamar kimiyya ba. Tunda kai Musulmi ne, ga ƙari: kusa da ƙarshen Laudato Si' ya kafa hujja da maganar wani sufi Musulmi, Ali al-Khawwas.

Tambaya: Salama gare ku. Ni ɗan Katolika ne daga wajen Madarumfa, gonata hekta 2. Kowace bazara nakan sassabe ta tas in ƙone, don gero ba ya son inuwa kuma itace na tara tsuntsaye. Zunubi nake yi?

Amsa: Baba, sare itace don bukata ba zunubi ba ne, coci ba ta taɓa cewa haka ba. Abin da take dubawa shi ne ɓarnar da babu dalili, da cutar da maƙwabci da na baya. Sassabe tas kuwa kai yake fara cuta: iskar farkon damina ta kwashe ƙasar sama, rairayi ya binne shuka, ka sake shuka sau biyu ko uku.

Maganin a nan jiharmu aka fi saninsa, shi ne sassaben zamani, wato barin tofon kututturan gona a raine shi ya zama itace. Wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM daga Ostareliya, Toni Rinaudo, ya fara yaɗa shi a karkarar Maradi a 1983 (SIM ba ta Katolika ba ce, kuma a faɗi gaskiya, tsofaffin manoma sun san barin gawo a gona tun kafin zuwansa). Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a Maradi da Damagaram. Ba dashe aka yi ba. Kututturen da kake sarewa duk shekara saiwarsa na raye a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa tofonsa ke girma da sauri fiye da dashen leda.

Kafin sassabe, zagaya gonar ka zaɓi kututturan da za ka bari. Fara da kamar 40 a hekta, wato tazarar wajen mita 15 zuwa 16 tsakaninsu, in ka ga amfani ka ƙara. Gawo shi ne na gaba, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Bayansa kalgo, sabara, magarya, aduwa, taramniya da ƙirya. A kowane kututture ka bar tsiro 3 zuwa 5 mafi miƙewa da ƙarfi, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce nan. Masu aske tsiro su bar ɗan tukku a sama su ne ke kuka daga baya, domin iska na karya shi, akuya ta tanƙwara shi, kuma ba shi da isasshen ganyen da zai yi ƙiba. Adda ko lauje ya kasance da kaifi, kuma daga ƙasa zuwa sama ake sara. In ka saro daga sama ɓawo na yagewa, gara da ruɓa su shiga ta raunin. Ɗaura jan ƙyalle don mai neman itace ya san da mai shi. Ka dawo bayan wata 2 zuwa 6 ka cire sabon tofo. Daga shekara ta biyu ko ta uku kana iya yanke tsiro ɗaya a shekara don girki ko shinge, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa.

Batun tsuntsaye gaskiya ne, suna sauka kan manyan itatuwa, amma rage rassa kafin gero ya fid da kai yana sauƙaƙa abin. Babbar matsala ita ce satar rani, lokacin da gona ba kowa. Mutum ɗaya ba ya iya tsare wannan. A Ɗan Saga ta yankin Agye kwamitin gari aka kafa, da mata da makiyaya a ciki, da tara ga wanda aka kama. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince manomi na da haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa, amma gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, don haka kafin ka kayar da babba ka nemi ma'aikacin gandun daji na yankinku.

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan Dakoro. Mutane na ƙaruwa, gona ta yi kaɗan, dabbobi ba su da makiyaya, amma an killace dajin Gadabeji saboda barewa da raƙumin dawa. Addinin da ke cewa yana tare da talaka zai goyi bayan wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta fi sauran wuya, kuma ba za mu ce maka amsar ta gamsar da kowa ba. Coci na goyon bayan a bar wasu wurare ba a taɓa su ba. Laudato Si' a sakin layi na 37 ta yaba wa ƙasashen da suka keɓe irin waɗannan wurare, a na 151 ta ce ko birni ko karkara ya kamata a ware inda hannun mutum ba zai yi ta jujjuya shi ba. Hujjar tana a na 33: halitta na da daraja a gaban Mahaliccinta ko da ba ta kawo wa mutum ko dala ba, kuma wadda ta ɓace saboda mu ta daina yabon Allah, alhali ba mu da ikon yin haka.

Gadabeji hekta 76,000 ce, an keɓe ta a 1955, UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin wuraren kare halittu a 2017. Mariri, naman dajin nan mai dogon ƙaho da ke yawo a sahel a da, ya ƙare a daji har aka ayyana haka a 2000. Raƙumin dawa namu na Afirka ta Yamma ya ragu zuwa 49 kacal a 1996, duka a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsare shi ya haura 600, kuma a Nuwamban 2018 aka ɗauko 8 aka kawo Gadabeji. Dalilin kawo su mai sauƙi ne: in duk garken yana wuri ɗaya, annoba ɗaya ko fari ɗaya ya isa ya share irin.

Sai dai Laudato Si' ita ce kuma ta ce a saurari kukan ƙasa tare da kukan talaka, ta kuma ce mutanen da suka gaji wuri su ne na farko da za a zauna da su kafin a yanke shawara a kansa. Gandun da aka kafa da bulala da tara kaɗai, makiyayi bai ga amfaninsa ba, ba abin da coci ke nufi ba ke nan, kuma a ganinmu ba ya ɗorewa. Wanda ke ɗorewa shi ne mai tsakiya da ba a shiga, da kewaye inda ake kiwo bisa ƙa'ida, burtali a buɗe, 'yan yankin su ne masu gadi da ja-gora. Abin da ya fi cin dajin ma gobara ce, daga wutar shayi ko guntun taba. Ana share hanyar tare wuta da zarar ciyawa ta bushe, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da iskar hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas. In an share aka bar ciyawar a tare a bakin hanyar, an yi aikin banza, wuta za ta tsallaka ta nan.

Tambaya: Mu zumuntar mata ne a wata coci cikin garin Maradi. Kowace shekara muna dasa itatuwa a harabar coci, kafin bikin Ista sun mutu. Ina kuskuren?

Amsa: Iyayenmu mata, yawanci lokaci ne da shinge. Ranar dashe ta ƙasa 3 ga Agusta ce tun 1975, kuma ta dace da damina. Amma Fafaroma Faransis ya sa 1 ga Satumba ranar addu'a domin halitta, ana ci gaba har 4 ga Oktoba, sai wasu su jinkirta dashe zuwa lokacin. A Maradi ruwa na ɗaukewa cikin Satumba, dashen bai kama ƙasa ba rani ya same shi. Ku dasa daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, watan addu'ar kuma ku yi shinge da gyara.

Rami santimita 40 faɗi, 40 zurfi. Ku haɗa ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen taki na ƙona saiwa yana kiran gara. Ku yanke gindin ledar da reza kamar santimita 2 don cire saiwar da ta nannaɗe, ku cire ledar gaba ɗaya ba tare da fasa ƙasar ba. Kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. A yi masa ɗan kwari ya riƙe ruwa, a barbaɗa toka, a kewaye da ƙaya ko bulo mai ramuka har mita ɗaya da rabi. Ranin farko bokiti ɗaya, lita 10 zuwa 15, sau biyu a mako da yamma. Bedi na da inuwa da juriya, amma ku gauraya da tsamiya, kuka da zogale. Itacen turare ku nisanta shi da rijiya da gona, mashayin ruwa ne. Gwamma itace 20 da kowanne ke da gidan da ke kula da shi, da 200 na kowa da kowa. Ƙidayar waɗanda suka rayu kuma a watan Mayu ake yi.

Tambaya: Ni mai tuyar ƙosai ce. In itace ɓarna ne, da me zan yi sana'a? Gas ya fi ƙarfina.

Amsa: Inna, babu wanda ya ce ki kashe murhu. Koyarwar ta fi ɗora nauyi a kan masu cin duniya fiye da kima, ba a kan mai neman na tuwo ba. Abin da ke hannunki shi ne rage asara, wadda ke rage miki kuɗi ma. Murhun duwatsu uku na zubar da mafi yawan zafinsa a iska. Murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi ko na laka da aka gina daidai gindin kaskonki ya fi tanadi, muddin ƙofarsa ba ta kallon iska kai tsaye. Ki sayi busasshen itace, ki faskara shi ƙanana, in kin tashi ki kashe garwashin da rairayi ki adana gawayin. Yawancin itacen da ke shigowa gari daga dazuzzukan kudu irin Baban Rafi yake fitowa, kuma ɗanye ko saiwar da aka tono alama ce an yi sara ba bisa ƙa'ida ba. Abu ɗaya da za mu roƙe ki ki bari yau shi ne hura wuta da leda: hayaƙinta guba ne gare ki da jaririn da ke bayanki. Ɓawon gyaɗa ko busasshen kara na kama wuta da sauri, kuma a Maradi ba su da wuyar samu.